Yashin Tsakar Gidanmu

Babban ɗana, wanda muke kira mutumin Duwala saboda can yake aiki, kuma can ya koyo yin magana da hannu cikin aljihu, ya zo mana hutun Sallah. Ya tsaya a tsakar gida ya dubi ƙasa kamar wanda aka turo binciken laifi, ya ce, "Baba, yashin nan ya isa haka. Siminti za a zuba. Bayan Dada ya gaji da shara." Dada ita ce uwarsa, matata, haka yaran suke kiranta irin na Fulanin garin nan. Kowa a gidan ya yi murna, har jikokin da ba su taɓa sanin ta ina ake riƙe tsintsiya ba. Ni kaɗai na yi gyaran murya na ce ban yarda ba. Suka juyo suna kallona kamar akuya ce ta yi sallama. To, da yake ba wanda ya tsaya ya ji hujjata har ƙarshe, na ce bari in rubuta ta. Ni ma fa ɗan boko ne, kada a raina ni. Na yi lekol, wato makarantar boko, har zuwa ajin da ake fara raba lamba da lamba, a nan ne ni da malamin muka fahimci juna, muka rabu lafiya. Wanda ya ga kuskure a rubutun nan ya gyara a zuciyarsa, kada ya biyo ni gida.

A Garwar da na buɗe ido cikinta, ba da tsawon katanga ko fentin ƙofa ake gane gidan mutunci ba, ƙasa ake duba. Idan damina ta ɗauke, kogin Binuwai ya ja da baya ya bar tsibiran yashi fari fat, sai masu jakuna su gangara da mangala. An ce kakanmu, da ya zo daga ƙasar Hausa da fataucin goro da kanwa ya ga Fulanin gari suna shimfiɗa yashi a zaure da tsakar gida, sai ya ce shi ma ba za a bar shi a baya ba, daga nan abin ya zama namu. Kuma ba kowane yashi ba. Na bakin ruwa yana da laka, na tudu yana da ƙaya. Na tsakiyar tsibiri ake nema, mai ƙyalli, wanda in ka damƙa zai zube ta tsakanin yatsunka ya bar hannunka tas. A jibge shi a ƙofar gida, mata su fito da rariya su yi ta tankaɗe kamar tuwo za a yi da shi, tsakuwa gefe, ƙayar kifi gefe, mu yara mu kwashe ɓawon katantanwa mu cika aljihu. Ranar da aka shimfiɗa sabon yashi gida yakan yi sanyi a tafin ƙafa, yana ƙamshin kogi, har tsofaffi su ƙi neman tabarma su zauna a kansa haka nan.

Abin da ke tashin unguwa a wancan zamani, bayan ladan, shi ne tsintsiya. Ana sallame sallar asuba za ka ji shaa, shaa, shaa, daga wannan gida zuwa wancan, ta saman zana, kamar ana yayyafi a nesa. Har mukan gane mai tsintsiya. Ta gidan maƙwabcinmu mahauci in tana sauri tana bugun ƙasa, mun san an kwana da faɗa. Bayan tsintsiya sai taɓarya, bayan taɓarya sai kurciyoyi, can ƙasa-ƙasa kuma muryar malamin da ke bayan gidanmu yana tilawa, ba ya ɗagawa ba ya sassautawa, sannan matan Fulani su shigo da ƙwaryar nono suna kiran kosam, kosam. Yanzu fa? Yanzu moto, wato babur, ke tashinmu. Kafin ladan ya kai ƙarshen kira, wani yaro ya riga ya murɗa moto a bayan tagata kamar da ni yake gaba. In ka kasa kunne kana neman tsintsiya, sai dai ka ji wayar wani tana kuka.

A gidanmu mai shara ita ce Goggo, yayar mahaifina, wadda mijinta ya rasu ta dawo gida da zama. 'Yar ƙarama ce, in ta sunkuya sai ka ce an ajiye ƙullin kaya, amma bakinta ya fi ƙarfin maza uku. Kai, ni da lissafi mun rabu tun a lekol, bari in ce ya fi ƙarfin duk mazan gidan. Ita ba ta shara irin ta kowa. Sau biyu take yi. Ta farko ta kwashe ganye da kashin kaji. Ta biyu kuwa ba datti take nema ba. Takan fara daga bakin zaure, tana ja da baya, tana karkaɗa wuyan hannu, kowane jan tsintsiya ya bar rabin da'ira a kan yashi, na gaba ya hau gefen na baya, har ta isa ƙofar ɗakinta ta shige da baya, ba sawunta ko ɗaya a waje. In ta gama, tsakar gida ta zama kamar bayan kifi. Mazan gidan, har mahaifina da rawaninsa, ta jikin bango suke raɓawa in za su fita, kamar masu bin bashi, har sai hantsi ya ɗaga an fara kai da kawowa. Ba wanda ya kafa wannan doka. Bakin Goggo kawai ake tsoro.

A lokacin jiragen ruwa suna hawowa daga Najeriya har Garwa, amma sai tsakiyar damina, in kogi ya cika ya batse. Zuwan jirgin farko na shekara biki ne. Yana kawo gishiri da kananzir da atamfa, ya koma da auduga da gyaɗa, mu kuwa ba kayan ne damuwarmu ba. Muna son mu ga lokacin da zai karyo kwana yana hayaƙi, ma'aikatansa su jefo igiya, a yi ta ihu. Wata safiya an kwana ana ruwa, yashi ya yi laushi, Goggo ta gama aikinta ke nan, sai muka ji ƙahon jirgi, buuu, daga wajen kogi. Ban san lokacin da na fito daga ɗaki ba. Na manta da bango, na manta da mahaifina, na ratsa tsakiyar sharar nan da gudu ina watsa yashi.

"Kai, Sarkin Sauri! Dawo."

"Goggo, jirgi ne!"

"Na ji shi, ni ba kurma ba ce. Kai za ka riƙe masa igiya? Zo nan ka tsuguna."

Na ɗauka duka ne, har na fara shirya kuka. Da ma dukan ta yi, da an gama na wuce. Sai ta zaunar da ni a gefen yashin, ta nuna da tsinken tsintsiya ta ce, "Faɗa mini, su wa suka riga ka wucewa ta nan?"

Na ce, "Ba kowa, Goggo. Yashi ne."

Ta ce, "Idon naka na kwalliya ne? Duba."

Ina jin yaran unguwa suna wucewa ta bayan zana suna kiran sunana, ni kuwa ina tsugune ina kallon ƙasa kamar mai neman allura. Can sai na ga sawun kurciya, 'yan yatsu uku-uku, ta yi nan ta fasa, ta yi can ta dawo, kamar mace a kasuwar da ba ta zo da niyyar saye ba. Na ga inda ƙadangare ya ja wutsiya, layi ɗaya siriri, da ɗigon ƙafafu dama da hagu. Na ga inda ƙadandoniya ta bi, ta bar ɗinki mai kyau irin na bakin hula. A gindin randa akwai wani ɗan rami mai kamar mazurari, na ƙwaron nan da ke ɓuya a ƙasa yana jiran tururuwa ta zame. Duk wannan cikin ɗan lokacin da ta gama shara ta shiga ɗaki. Ina faɗa tana gyaɗa kai. Sannan ta nuna nawa sawun, ramuka manya-manya kamar inda saniya ta zame a laka. Ta ce, "Ka gani? Duk waɗannan sun wuce, ba wanda ya ɓata mini aiki, ado ma suka ƙara. Kai da aka ce mai hankali ne, kai ka yi wannan." Daidai nan rana ta leƙo ta saman zana, haskenta ya kwanto a kan yashin, kowane zanen tsintsiya ya sami 'yar inuwarsa, gidan gaba ɗaya ya koma kamar kogi in iska ta shafe shi da safe. Ba zan yi ƙarya ba, wani abu ya motsa a ƙirjina. Sai ƙahon ya sake bugawa, abin ya gudu.

Ta ce, "Tashi ka je. Yashi yana nan gobe. Ni ce ban sani ba."

Kafin in isa bakin kogi an ɗaure jirgi, an gama ihu, abokaina suna ba ni labari da ƙari. A kan hanyar komawa gida na yi alkawari cewa in na girma, sana'ar da zan yi ita ce wadda ba mai cewa in tsuguna. Allah kuwa Mai karɓar addu'a ne, har ta yaro marar wayo.

Daga lekol na zama yaron mota, daga yaron mota na zama direban kamiyo, babbar motar kaya. Na ɗauki auduga, na ɗauki shinkafar Yagwa, na ɗauki shanu daga Maiganga suna ta yi mini fitsari a bodi. In ana hira a tasha sai in ce ba lungun da ban sani ba a arewacin ƙasar nan, kuma a gaskata ni. Amma tambaye ni abin da na gani. Na san kowane rami a hanyar Marwa, na san inda jandarma ke laɓewa a bayan tsamiya, na san mai shayin da ba ya sa ka jira. Wani Bature da na taɓa rage wa hanya zuwa Mokolo ya yi ta cewa in tsaya ya kalli duwatsu, wai suna da kyau. Na ce masa da Faransancina na lekol, duwatsun nan abin da na sani game da su shi ne suna cin birki. Mutumin ya dube ni da tausayi, ni ma na dube shi da tausayi, kowa yana ganin ɗan'uwansa ne marar lafiya. Cikin wannan kai da kawowa aka tare kogi da madatsa can sama, jirage suka daina zuwa, jakunan mangala suka ɓace, tipa ta karɓi aikinsu tana kai yashi wurin masu bulo. Duk an yi ina kan sitiyari. Ba wanda ya ɓoye mini, ni ne ban waiga ba.

Goggo ta riski aurena da 'yan watanni kafin ta rasu. Daga baya na ji cewa cikin watannin nan ta kama amaryar ta koya mata jan tsintsiyarta, wuyan hannu da ja da baya da komai. Da na bar kamiyo ma ban zauna ba. Na sayi moto, kullum ana sallame asuba in tura ta daga rumfa, in ratsa tsakar gida, in fita ta zaure, in tafi tasha in zauna a matsayin dattijon direbobi, ina ba da shawarar da ba wanda ya nema. Sauri nake, ka ji. Kada a fara gardama ba ni.

Sanyin ƙashi ne ya kama ni a gwiwa, ya yi abin da Goggo ta kasa. Likita a asibiti ya ce "repo", wato hutu, yana shirin fassarawa na ce ya bari, mun yi kalmar a lekol. Yara suka ajiye mini kujera a gindin dogon yaron da ke tsakar gida. Kwanakin farko na yi ta faɗa da kowa, har kaji. Wata safiya na idar da sallah a zaune, ba abin yi, sai na ji shaa, shaa, a kusa da ni. Na ɗaga kai. Hajiya ce, matata, a sunkuye a bakin zaure, tana ja da baya, hannu ɗaya a tsintsiya, ɗaya dafe da ƙugu. Takan yi kaɗan ta tsaya, ta miƙe a hankali tana cije leɓe, ta sake sunkuyawa. A gabanta kuwa bayan kifin nan ne, sak na Goggo, rabin da'ira a kan rabin da'ira. Ta shige ɗaki da baya. Kurciya ta sauko daga dogon yaro ta yi nan ta fasa, ta yi can ta dawo. Rana ta leƙo, wannan karon ta saman katangar bulo, kowane zane ya sami inuwarsa. Abin nan da ya gudu daga ƙirjina ranar jirgi, ashe bai yi nisa ba, a gidana yake zaune yana jira.

Da ta kawo mini kunu na ce, "Hajiya, ashe haka kike shara?"

Ta ajiye kwanon, ta dube ni, ta ce, "Sannu da zuwa, baƙo. Daga wane gari?"

Na ɗauki kwanon na kai baki, don mai hankali ya san lokacin shan kunu. Amma daga ranar na daina faɗa da kaji. Kullum ina kan kujerata kafin ta fito, ina kallo, ina ƙirga baƙina na safe, kurciya da ƙadangare da wata bushiya da ban san muna haya tare ba. Ban yi wata biyu cikin wannan daɗi ba mutumin Duwala ya iso da maganar siminti.

Na kawo hujjoji, kuma masu nauyi. Na ce siminti yana ɗaukar zafi, a Garwa kuwa zafi ba ya bukatar taimako. Na ce yaro in ya faɗi a yashi dariya yake, in ya faɗi a siminti sai asibiti. Na ce gadon kakanmu ne. Ɗan nawa ya ce, "Baba, duk na ji, amma ba kai kake sunkuyawa ba." Sai na juya wajen uwarsa, don na tabbata mai aikin ba za ta yarda a binne aikinta ba. Na ce, "Hajiya, ke faɗa masa."

Ta gyara mayafi ta ce, "Ni na ce masa ya zuba."

Na ce, "Ke?"

"Ni. Malam, tun gashinka yana baƙi nake wannan sharar. In kana gari ka bi ta kai da takalmi, in ka dawo daga tafiya ka bi ta kai da buhu, da ka tsufa ka bi ta kai da taya. Ban taɓa cewa komai ba, don ba dominka nake yi ba, ni ma ina da ido. Amma da sau ɗaya ka tsaya a bakin zaure ka ce kai, wannan abu da kyau, da na ji daɗi. Yanzu da bayana ya ƙare, gwiwarka ta zaunar da kai, shi ne kake so in ci gaba da sunkuyo don ka sami abin kallo? Akwai talabijin a ɗaki."

Jikoki suka fashe da dariya. Ni ma na yi, don in ban yi dariya ba wani abu ne zai fito, kuma dattijon direbobi ba ya yin wannan a gaban yara.

Magina suka zo da baro da shebur. Babbansu ya damƙi yashin ya murza ya ce, "Alhaji, wannan ai tankaɗaɗɗe ne, ba sai an kira tipa ba, da shi za mu kwaɓa." Ina zaune ina kallo suka tattara shi suka zuba masa siminti da ruwa. Duk da haka ban fita hannu banza ba, a rubuta wannan. Na tsaya kai da fata sai da aka bar mini wuri a gindin dogon yaro, faɗin tabarma. Gaskiya ne maginin ya riga ya ce saiwar itacen za ta fasa simintin in an zuba a wurin, amma wannan bai rage komai daga nasarata ba.

Yanzu ni ke shara. Nakan dafa kujera da hannu ɗaya, in ja tsintsiya da ɗaya, ina ja da baya kamar mai shiga gareji da tirela. Hajiya tana zaune a kan sabon simintinta da carbi, tana duba aikina.

"Wuyan hannu, Direba, ba kafaɗa ba. Ba sitiyari ba ne."

"Haka Goggo take yi."

"Allah Ya jiƙan Goggo, da ta ga wannan da ta ce kaji sun yi dambe."

Kurciyar ma da farko ƙin sauka ta yi, ta tsaya a reshe tana kallon zanen nawa da ido ɗaya. Sai da aka jima ta haƙura, ta ga babu wani yashin a unguwar.

Shekaranjiya hannuna ya faɗa daidai. Ban san yadda aka yi ba, rabin da'ira ta hau rabin da'ira tun daga farko har ƙarshe. Na koma kujera ina haki, ina jiran rana ta leƙo, ina jiran Hajiya ta fito ta gani da idonta. Ta fito kuwa, da mayafi, za ta gidan suna a maƙwabta. Ga siminti shimfiɗe dama da hagu, hanya har zaure, amma sai matar nan ta karkato, ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ta ratsa tsakiyar yashina.

Na ce, "Hajiya! Ba ki gani ba?"

Ko waigowa ba ta yi ba. Ta ce, "Sauri nake, Malam."

Na buɗe baki zan yi magana, sai idona ya sauka a kan sawunta. Ƙafa ce 'yar ƙarama, ban san haka take ƙarama ba. Ta dama ta zauna sosai, yatsu a jere. Ta hagu kuwa ba ta ɗaguwa duka, tana jan yashi kaɗan a kowane taku, ta bar ɗan layi a baya. Ban san tun yaushe take jan ƙafar nan ba. Da an tara mini sawun matan unguwa an ce in fitar da na matata, da na ji kunya a gaban jama'a.

Rana ta leƙo ta cika sawun da inuwa. Jiya ban yi shara ba, yau ma ban yi ba, sawun yana nan yadda ta bar shi. Ta tambaye ni ko gwiwar ce ta motsa, na ce eh, gwiwar ce.